Wai da gaske ba a Amurka aka haifi Obama ba?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya da dare a fada muna shan shayi gardama ta kaure, wani abokinmu ya rantse wai a Kenya aka haifi Obama, mulkin haram ya yi, wai shi ya sa ma ƴan adawa suka ƙi tsarin lafiyarshi ɗin nan Obamacare. Ni dai na ce mishi ƙarya ne amma ba ni da hujja a hannu, har shayi na uku ya huce ba mu gama ba. Dan Allah wanda ya sani ya warware mana.

Mushe Lakwal:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya sha labarin kanzon kurege. A Honolulu ta jihar Hawai aka haife shi, 4 ga Agusta 1961, babanshi ne ɗan Kenya, uwarshi ba'amurkiya. Da surutun ya yi yawa a Afrilun 2011 ya fiddo cikakkiyar takardar haihuwarshi kowa ya gani, kuma Trump da ya fi kowa kururuta zancen, shi da bakinshi ya janye a Satumban 2016. Dokar lafiyar kuwa an sa mata hannu 23 ga Maris 2010, a majalisar wakilai ƙuri'a 219 da 212, ko ɗan jam'iyyar adawa ta Republican ɗaya bai ɗaga hannu ba. Abin dariyar, Mitt Romney ɗan jam'iyyarsu ne ya yi irinta a Massachusetts tun 2006 lokacin yana gwamna. Ni a ganina mutumin suka ƙi tun farko, to wanda ka ƙi ko ruwan zamzam ya miƙo maka cewa za ka yi da guba.

Na Zango:
Mushe da girmanka amma ban yarda duka ba. Zancen Kenya shirme ne na amince, amma ba kowa ya ƙi dokar don ƙiyayya ba. A lokacin dokar ta ce dole ka sayi inshorar lafiya in ba haka ba ka biya tara, kai yanzu a zo Kasuwar Dole a ce ma ɗan tireda dole ya biya kuɗi kowane wata ko lafiyarshi lau, ka ga abin da zai faru. Ai har kotun ƙoli aka je a 2012, da ƙyar ta sha, alƙalai 5 da 4.

Mushe Lakwal:
Gaskiyarka nan. Amma in masu lafiya ba su zuba ba da me za a yi ma marasa lafiya magani? kamar adashi ne. Kuma dokar ce ta hana kamfanonin inshora korar mai tsohon ciwo irin sukari, yaro ya zauna kan inshorar iyayenshi har shekara 26. A 2017 ƴan Republican sun zo rushe ta, sanata John McCain nasu ya ƙi, 51 da 49 aka tashi.

Maman Biyu:
Ku kuna ta Amurka. Mu nan Nijar tun 2006 zamanin Tandja aka ce yara ƙasa da shekara 5 kyauta ne, wancan watan na kai ƴata likita da zazzaɓi, gani kam an gan ta kyauta, sai aka rubuto mini takarda wai maganin ya ƙare in je farmasi, jika huɗu na kashe wallahi. Kuma Ɗan Birni kun manta ne? zancen takardar ɗan ƙasa ai mu ma mun sha shi a zaɓen 2020, aka yi ta kai ƙarar Bazoum kotu, gidanmu har wa da ƙane suka daina gaisawa.

Ɗan Birni:
Kai Hajiya kar ki tono wannan, fadarmu rabi ƴan Nafarko ne, wato Mahamane Ousmane da ya kara da Bazoum, yau sai a fasa butar shayin. Mushe na gode, na ɗauki hoton amsarka zan nuna mishi bayan isha'i, ko da yake na san shi, cewa zai yi takardar ma bugawa aka yi.