Neman shawara: in sayar da lambun Baba ko in riƙe?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni maɗinkin hula ne a wani ƙauye kusa da Auyo. Tun rasuwar mahaifinmu barci ya ƙaurace mini, in na ɗauki allura ma sai in rasa zanen da zan ɗora. Ya bar mini ɗan lambu a bakin fadama, ga shi wani ya taya. Yayata ta ce in riƙe, wai zai ɗebe mini kewa. Ni kuwa ban taɓa noman rani ni kaɗai ba. Me kuka gani?

Wani dattijo daga Kura: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Kada ka sayar, kuma kada ka ce sai ka cika shi bana. Ja fangali huɗu ko biyar, ka zuba alayyafo da salak da albasa. Alayyafo wata guda ya isa ka fara yanka. Ka fita ban ruwa da an sallame asuba. Wanda ya wuni tsugune yana cirar ciyawa ba ya neman barci, barci ke nemansa. Ga maƙwabtan lambu, ba za su bar ka ka yi tagumi ba.

Wani matashi daga Bunkure: Baba, a gafarce ni, lambu ba hutu ba ne. Kuɗin man inji kaɗai ya isa ya hana mutum runtsawa. A 2016 tsutsar Sharon ta cinye mana tumatir a Kadawa, wasu har yau ba su farfaɗo ba. Malam, in za ka yi, bar tumatir tukuna.

Wata mai lalle daga Ringim: Ƙanena, ni zancen zanen ne ya tsaya mini. Raba albasa biyu ka dubi zobban cikinta. Dubi furen kuɓewa, rawaya fayau da ɗigon ja mai duhu a tsakiya, ai launin hula ne wannan. Zanen da amare suka fi nema a wurina, daga jijiyoyin ganyen kabewa na ɗauko shi. Riƙa tafiya da takarda da biro a aljihu. In ka kewaye shingen da lalle kuwa, ni ce mai sayen farko.

Wata ma'aikaciyar lafiya daga Haɗejia: Duk da haka, in rashin barcin ya daɗe, leƙa asibiti a auna maka jini.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Baba, albasar iri zan yafa ko dashe zan saya?