Waɗanda suka manna abin kashe ƙara a ƙofar tsohuwar mota, ku zo mu ji yadda ta kaya

Mai Farar Fijo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Fijo 504 haɗin Kaduna, ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. An gama aikin inji da fenti, saura ƙofofi. In ka rufe sai ka ji kamar an buga gwangwani, a kan babban titi kuwa sai ka ɗaga murya na gefenka zai ji ka. An ce akwai wani falle mai gam da ake mannawa a cikin ƙofa. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari kafin in zuba kuɗina.

Ɗan Kakuri:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ni fanel bita ne, a ƙofofin 504 na koyi aiki. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a nan Kaduna, ka ga wasu ƙofofin sun girmi masu tuƙa su. Kafin ka sayi komai, cire kwalin ƙofar a hankali, don maƙalansa sun bushe, da ka fizga sun karye. Sannan zura hannu har ƙasa. Duk ƙofar mota ruwa na shigarta ta gefen gilashi, haka aka ƙera ta, shi ya sa aka yi mata ƙananan ramuka a gindi don ya fita. Ƙurar hunturu ta taru, damina ta zo ta kwaɓa ta, ramukan sun toshe. Abin da nake kwasowa a wurin laka ce busasshiya haɗe da ɓawon tsatsa, wani lokaci ina danna sukurdireba sai ta ɓulla waje. Wanda ya manna abu a kan irin wannan ƙarfe ya ɓoye ciwo ne kawai. A goge tsatsar, a shafa maganinta, inda ya huje a yi walda, a wanke da tina, a bari ya bushe sarai. Kuma don Allah kada fallen ya rufe ramukan nan.

Basakkwace:
Oga ya faɗi gaskiya. Nawa gargaɗin kan irin abin da za ka saya ne. Marsandina 200 ce, tsohon yayi, wanda na saya wurinsa ya sa an manna mata irin na liƙe rufin kwano, mai kwalta, saboda araha. Da zafin Afrilu ya kama, kun san Sakkwato tana wuce digiri 40, balle motar da ta wuni a rana. Abin ya narke ya zame ya taru a ƙasa, ya kama ƙarfen ɗaga gilashi, warin kwalta ya cika mota har yara suna cewa kansu na ciwo. Da kananzir da tsumma muka yi ta fama. Ka nemi na robar butil mai fatar alminiyam a bayansa, irin su Dynamat ko Noico. Ka shinshina kafin ka biya, in ka ji warin titi ka ajiye masa kayansa.

Injiniya:
Malam, ba sai ka lulluɓe ƙofar duka ba. Aikin fallen shi ne hana ƙarfe rawa, ba hana ƙara shigowa ba. Na ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa daga waje, duk inda na ji amo na yi alama, galibi tsakiyar faffaɗan wuri ne. Nan na manna gunduwa-gunduwa, abin da bai fi kashi ɗaya cikin uku na ƙarfen ba, mai kaurin milimita 2. Sai ka danne shi sosai da abin murzawa har iska ta fita, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a ƙarƙashi. Ka sa safar hannu, bakin alminiyam ɗin yana yanka.

Mai Sauti:
Injiniya, a nan mun ɗan saba. Ni da na sa sifika a ƙofa sai da na rufe manyan ramukan ƙarfen ciki ma, kuma sautin ya fito fes.

Injiniya:
Don sifika na yarda, ɗan'uwa. Amma ƙofar da ta shekara arba'in ƙusar hinjinta ta ci, nauyi kaɗan za ka ƙara ta fara sunkuyawa. Kuma ranar da makulli ya lalace sai an yage duk abin da ka manna.

Hajiya Mai Kunkuru:
Ƙanena, kada ka sa rai da yawa. Tawa Volkswagen ce mai inji a baya. Na sa an yi ƙofofin, rufewarsu ta yi daɗi ƙwarai, amma a kan hanya ban ji wani bambanci ba, domin ƙarar daga bayan kujera take fitowa. Shuuu ɗin iskar da ke damuna kuwa ashe robar bakin ƙofa ce ta ƙandare. Da aka canza ta, aka ɗaure sandunan makulli da ke kaɗawa, sannan na samu sauƙi.

Ɗan Damagaram:
Gaskiyar Hajiya. Ƙari ɗaya: wani yaron gareji ya cusa wa fikof ɗina soson katifa, damina ɗaya ya sha ruwa ya ruɓar da gindin ƙofar. In za ka sa soso, ka hura shi da baki, wanda iska ba ta ratsawa shi ne ba ya shan ruwa. Ledar da ke bayan kwali kuma ka mayar da ita, ita ke hana kwalin kumbura.

Mai Farar Fijo:
Allah ya saka da alheri. Na buɗe ƙofar direba, ramukan duk a toshe, ledar ma babu ita. Oga Ɗan Kakuri, ƙofar tana ɗan motsi in na ɗaga ta daga ƙarshe. In fara da hinji?

Ɗan Kakuri:
Fara da shi. A canza ƙusar, a daidaita ƙofar ta riƙa rufuwa ba sai an ɗaga ba, sannan walda. In ka zo mannawa ka shanya fallen a rana ya yi laushi, da sanyin safiya ba ya kamawa.