Faɗa a Turanci ba iri ɗaya ba ne

Jiya bayan sallar isha'i a Agege hira ta kai mu kan kalmomin faɗa na Turanci, don wani ɗan'uwa mai gadi a Ikeja ya samu takarda ɗauke da kalmar "reprimand". Malamin makaranta da ke cikinmu ya ce masa, "Malam, kada ka ɗauke ta da wasa." Tsawatarwa ce a hukumance, daga na sama zuwa na ƙasa, kuma takan shiga fayil ɗin ma'aikaci.

"Scold" faɗan uwa ne ga ɗanta. Ka ce ka yi wa maigidanka haka, sai a yi maka dariya. "Chide" jan kunne ne a tausashe. "Berate" kuwa wankin babban bargo ne, dogon faɗa da ɗaga murya, irin wanda kwandastan danfo, wato motar haya ta Legas, ke yi wa fasinja a kan canji. "Rebuke" gajere ne mai kaifi.

An ɗan yi gardama kan "criticise". Ni dai na bi masu cewa ba lallai da fushi ba: kana iya sukar aiki ko tsari mai shi ma ba ya wurin.