Abin da aka tattauna a fada kan aikin yi a Damagaram

A wata fada (dandalin hirar matasa) ta unguwar Birni, yawancin masu magana sun yarda cewa aikin haƙa rabin-wata (ramukan tare ruwan sama don farfaɗo da ƙasa) da gwamnati ke biya yana taimakawa da rani, amma damina na sauka ya tsaya. Shawararsu, kada kuɗin ya ƙare a shayi da kati, a sayi akuya ko keken ɗinki. Wani tela ya dage cewa horon FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ya fi amfani, muddin za a sallami yaro da kayan aiki a hannu, ba takardar shaida kaɗai ba. Ni ma ra'ayina ke nan. Masu digiri kuwa an ce su yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, su rage zuba wa matatar mai ta SORAZ ido, don matatar da aka buɗe a 2011 ba za ta ɗauki kowa da kowa ba.