Gubar Fumfuna a Abinci: Shawarwarin da Aka Tattara

Abin da aka fi jaddadawa a wata tattaunawa da aka yi kan afulatoksin, gubar da fumfuna ke bari a abinci, shi ne wuta ba ta kashe wannan guba. Ko an dafa, ko an soya, afulatoksin da fumfuna ke bari a cikin masara da gyaɗa da busassun kayan yaji tana nan daram. Hanta take ci a hankali har ta kai ga ciwon daji, kuma haɗarin ya ninka ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, shi ya sa aka yi ta kiran a yi rigakafinsa. Idan ta yi yawa kuwa, kisa take cikin ɗan lokaci: a 2004 gurɓatacciyar masara ta hallaka mutum 125 a Kenya.

Maganar ajiya ta fi ɗaukar lokaci. A shanya hatsi a kan tamfol, ba a ƙasa ba, sai ƙwayar ta yi ƙas a haƙori. A ɗora buhuna kan katako, nesa da bango, inda iska ke shiga. Tsinta ma na rage guba sosai: duk ƙwayar da ta yamutse, ta canza launi ko ƙwaro ya huda, a fitar da ita. Gyaɗar da ta yi ɗaci a baki, a tofar.

Inda aka ɗan yi saɓani shi ne kan ko za a ba dabbobi gurɓatattun ƙwayoyin da aka tsince. Ni dai ina bayan masu cewa a'a, domin gubar na biyo madarar saniya. Burodin da ya yi fumfuna kuma, yanke gefen ba ya isa, a zubar da shi duka.