Wane suna za mu ba afostirof da Hausa?

Salamu alaikum malamai 'yan'uwa, ku zo mu tsaida magana guda kan wannan 'yar alama da ake ratayawa saman layi, wadda munka saba ce ma afostirof tun lakwal. Aya ta zauna, waƙafi ya zauna, ruwa biyu da karan ɗori duk an san su, ita kuwa kowa da sunan da yake laƙa mata. Kuma tunda a 2025 an maida Hausa harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci sun koma harsunan aiki, ai bai kamata mu yi ta kame-kame gaban yara ba.

Wani malami daga Katsina ya ce su alamar mallaka suke cewa. Gaskiya ni bai kwanta mani ba. E, a Musa's book mallaka ce, a the boys' ball ma haka, sai dai ta koma bayan s don yaran na da yawa, amma don't da can't fa, wa ya mallaki mi? Harafi ne kawai aka cire ta zauna gurbinshi, kamar l'école ɗinmu na Faransanci. Babbar ɓarnar ma tana ga its da it's, ka ce ma ɗan siziyam (ajin farko na kwaleji) wannan alamar mallaka ce gobe sai ya rubuto maka it's tail yana murna, alhali its na mallaka ba ya ɗaukar komi kamar his da hers, shi kuwa it's gajarta it is ne ko it has. Sunan da kanshi zai koya ma yaro kuskure kenan.

Wata malama ta kawo hamza, saboda kalmomi irin su sana'a da ma'ana. To a nan sauti ne, maƙogwaro na tsayawa kana ji, a Ingilishi kuwa ba a furta ta sam.

Ni dai waƙafin sama na zaɓa, siffarta ya faɗa, aikin sai malami ya bayyana a aji. Na san za a ce alamar zance ma sama take, to ita buɗewa take ta rufe, tana da sunanta.

Malaman Tasawa da Madarunfa ku gwada shi a aji wannan satin ku faɗa mana ko bakin yara ya kama.