Ta yaya ɗalibi zai samu gurbin bincike a ɗakin gwajin magunguna da guba?

Ɗalibar_Famakoloji:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aji uku a jami'a, ina son shiga bincike na gaske a fannin yadda magani ke aiki a jiki ko fannin guba, ba irin gwajin aji da ake gamawa cikin awa uku ba. Ta wace ƙofa ake shiga? Kuma wane aiki ne ɗalibi zai iya kammalawa cikin wata biyu zuwa uku? Wasu sun ce in fara da ɓeraye, wasu sun ce ƙwayoyin sel. Allah Ya saka da alheri.

Malam_Toksi:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙofar da ta fi kusa ita ce malaman sashenku. Ki zaɓi biyu ko uku, ki karanta abin da suka wallafa kwanan nan, musamman wurin da suka bayyana yadda suka yi gwajin. Sai ki aika gajeren imel: wace ce ke, me kika karanta nasu, wace dabara kike son koya, da ranakun da kike da sarari. Batun lokacin nan shi malami ya fi dubawa. Awa ɗaya tsakanin lacca da lacca ba ta isa komai, domin gwajin sel yakan ci kwana uku a jere, kuma in aka tsallake rana ɗaya aikin ya lalace. In mako biyu ya wuce shiru, ki je ofis da kanki. Ki kuma yi magana da ɗaliban digiri na biyu da na uku da ma'aikatan lab, su ne suka san wanda ke neman mataimaki.

Akwai na waje ma. Ƙungiyar masana magunguna ta Amurka, ASPET, tana da shirin bincike na dogon hutu mai suna SURF ga masu digirin farko, takwararta ta Birtaniya, BPS, ma tana tallafa wa irinsa. Ana rufe karɓar takardu watanni kafin hutun, kuma kowanne da sharuɗɗansa, sai ki duba da wuri.

Ɓeraye kuwa, ban ba ki shawarar farawa da su ba. Dole kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kafin a taɓa dabba ko ɗaya, jiran amincewar kuma zai iya cinye rabin lokacinki.

Dakta_Sel:
Na goyi bayan Malam. In lab ɗin yana renon sel, gwajin MTT aiki ne da ya dace da wata biyu. Mosmann ne ya bayyana shi a 1983: sel mai rai yana mayar da launin sinadarin MTT daga rawaya zuwa shunayya, matacce ba ya iyawa.

Rana ta farko a zuba sel 5,000 zuwa 10,000 cikin maikurolita 100 a kowane rami na faranti mai ramuka 96, a sa a inkubeta a digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin 100. Bayan awa 24 a zuba maganin, mataki shida zuwa takwas na ƙarfi, kowanne ya ninka na ƙasa da shi kamar sau uku. Bayan awa 24 ko 48 a ƙara maikurolita 10 na MTT mai ƙarfin miligiram 5 a mililita, a bar shi awa uku zuwa huɗu, a zuƙe ruwan a hankali, a narkar da ƙwayoyin launin da DMSO (ruwan sinadari mai narkar da abubuwa), a karanta ƙarfin launin a na'ura da hasken nanomita 570. Daga nan ake fitar da IC50, wato ƙarfin maganin da ke rage sel masu rai zuwa rabi.

Ga inda ɗalibai ke faɗuwa. Ramuka 36 na gefen faranti sun fi saurin ƙafewa, maganin ya yi kauri a cikinsu, sakamako ya karkace. A cika su da ruwan gishirin PBS, a yi aiki da 60 na ciki. Da DMSO kuma akan narkar da maganin da ake gwadawa, shi kansa kuwa yana cutar da sel, don haka kada ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na ruwan ramin, in da hali 0.1, kuma a ware ramukan da aka zuba shi kaɗai domin kwatanci. In ba a girgiza ruwan sel lokacin zubawa ba, suna kwanciya a gindin kwalba, layin farko da na ƙarshe su sha bamban.

Wanda ya fi damuna shi ne na masu gwada abin da aka tato daga tsirrai. Wasu sinadaran tsiro, har da bitamin C, suna canza launin MTT da kansu ko babu sel, sai abin da ya kashe sel ya fito kamar ya ƙara musu lafiya. Maganinsa sauƙi ne: rami mai tsiron da MTT ba tare da sel ba, a cire karatunsa daga na sauran. A kuma leƙa farantin a madubin likita kafin zuba MTT, ido zai nuna in sel sun dunƙule sun saki gindi.

In batun hanta kike so, ki sani sel na HepG2, wato sel ɗin hantar mutum da ake reno a lab, ba su da wadataccen CYP2E1, enzayim ɗin da ke mayar da farasitamol zuwa NAPQI mai guba. Shi ya sa farasitamol ke yin kamar ba shi da illa sosai a cikinsu.

Ma'aikaciyar_Lab:
Dakta, a gafarce ni, ba kowane lab ne ke da inkubetar CO2 da akwatin aiki mara ƙwayar cuta ba. Inda babu, akwai gwajin 'ya'yan Artemia, wasu ƙananan halittun ruwan gishiri dangin jatan lande. A narkar da gishirin teku giram 38 a lita ɗaya, a zuba ƙwan, a ba su iska da haske, su ƙyanƙyashe cikin awa 24 zuwa 48. A sa guda goma a kowace kwalba, a ƙirga matattu bayan awa 24, a fitar da LC50, wato ƙarfin maganin da ke kashe rabinsu. In mutuwa ta haura kashi 10 cikin 100 a kwalbar da ba magani, a sake gwajin. Tantancewar farko ce kawai, ba ta nuna yadda abin zai yi wa mutum.

In kuma aka haɗa ki da aikin dabbobi da aka riga aka amince da shi, lissafin awo za ki fara ƙwarewa. Ƙaramin ɓera ana ɗura masa mililita 10 ga kowane kilo. Mai nauyin giram 25 zai sha mililita 0.25. In awon miligiram 200 ne ga kilo, yana buƙatar miligiram 5, wato ruwan maganin ya zama miligiram 20 a mililita. A auna kowane ɓera ranar gwaji, kada a yi ƙiyasi. Ƙa'idojin gwajin guba na ƙungiyar ƙasashe ta OECD masu lamba 423 da 425 sun rage yawan dabbobin da tsohon gwajin LD50 (awon da ke kashe rabin dabbobin) ke ci, ki karanta su.

Kafin duk wannan, ki gwada hannunki da fifet, abin ɗibar ruwa ɗan kaɗan da awo: maikurolita 1,000 na tataccen ruwa ya ba da kusan giram ɗaya a sikeli, sau goma a jere.

Ɗalibar_Famakoloji:
Na gode ƙwarai. Dakta, in na zuba kowane mataki a ramuka uku, na maimaita gwajin sau uku ke nan?

Dakta_Sel:
A'a, 'yar'uwa, sau ɗaya ne. Ramuka ukun daga kwalba ɗaya suka fito a rana ɗaya, abin da suke nunawa kawai daidaiton hannunki. Ki haɗa su ki ɗauki matsakaicinsu a matsayin sakamako guda. Sau uku na nufin ranaku daban, sel da aka shuka daban, magani da aka sirka sabo kowane karo. Ki tsara jadawalinki a kan haka: mako biyu na koyo, mako ɗaya na gano yawan sel da ya dace da ramin, sauran na maimaitawa, da mako guda a ajiye saboda ranar da ƙwayar cuta za ta shiga kwalba. Kowane karo ki rubuta a littafin lab kwanan wata, lambar zubin sel da lambar kwalbar sinadari, domin in sakamako ya saɓa, nan za a fara dubawa.